Na'urar Yaya Tana Amsawa

Ranar da Oga ya kira Auta ofishinsa, bai ko ce ta zauna ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa, ya nuna da gindin biro.

"Ƙanwata, zo ki karanta min nan. Ko idona ne ya tsufa, ko kuma aljanu sun shiga makarantar kwamfuta."

Auta ce ke kula da laburaren da kamfaninsu ke taƙama da shi, wato tarin umarnin da masu rubuta manhaja ke ɗauka su saka a aikinsu idan suna son wata na'ura ta aiki wata da ke nesa. Aikinsa a baki ba shi da yawa. Ya ɗauki buƙata, ya manna mata lamba, ya tura, ya zauna jira. Idan amsa ta dawo ɗauke da lambar nan, ya miƙa wa mai ita, ya ce an gama. Yayanta ne ya gina shi tun daga tushe. Da ya rasu bara aka damƙa mata, don babu wanda ya san hannunsa kamarta.

Ƙorafin daga wani kamfanin raba magunguna ya fito. Mai kantin magani zai tura oda, allo ya nuna masa an karɓa, ya zauna jiran mota, shiru. A can sabar kamfanin kuwa, babbar na'urar da ke karɓar oda, ko ƙurar odar babu. Har wani kanti ya kwana biyu ba maganin masu ciwon suga, yana ta sallamar tsofaffi da gobe.

"Sabarsu ta rantse ba ita ta amsa ba," in ji Oga. "To wa ya amsa?"

Auta ta sunkuya. Lambar daidai take. Alamar nasara daidai take. A ƙasa, a ɗan gurbin da ake barin bayani wanda yawanci ba a rubuta komai a ciki, ga kalmomi nan: Na ji, ina zuwa.

Abin da Yaya ke cewa ke nan duk lokacin da Mama ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, kansa a sunkuye, yatsunsa na ta gudu a kan kwamfuta.

Auta ta koma teburinta. Hayaniyar ofis ta yi mata nisa, ƙarar fanka da gardamar ƙwallo da ake yi a lungu. Ta bi laburaren layi bayan layi, kamar mai bin sawu a gidan da ta tashi a ciki, har ta isa inda matsalar take. Idan saba ta yi shiru har wa'adin jira ya wuce, laburaren yakan gwada wani adireshi na ko-ta-kwana. A gurbin nan Yaya ya saka adireshin tsohuwar na'urarsa ta gida, wadda yake gwaji da ita. Na'urar gwaji ba ta san a'a ba. Duk abin da aka tambaye ta, sai ta mayar da lambar, ta ce an yi. Ta duba lokacin da ya rubuta layin. Makon da ciwon ya kwantar da shi ne. Ya saka da niyyar cirewa.

"Na cire layin," ta gaya wa Oga, "amma tsohon laburaren yana cikin na'urorin kantuna. Kafin kowa ya sabunta, an daɗe."

Oga ya cire tabarau, ya murza ido. Shi ya ɗauki Yaya aiki.

"To ai kin san sauran. Je ki zare wa na'urar yayanki wuta, yau ɗin nan."

Da azahar ta isa gida. Ƙofar ɗakin Yaya a buɗe, Mama na zaune a bakin gadonsa tana ɗinke hannun wata riga. A nan take wuni yanzu. Na'urar tana ƙarƙashin tebur, a goge tas, haɗe da batirin da ya saka mata don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta. Wata 'yar koriyar fitila a gabanta tana ƙifta ido.

"Yau tun safe suka dami yayanki," Mama ta ce, ba ta ɗago ba. "Ko hutawa ba sa bari ya yi. Ke kuma lafiya kika dawo da rana tsaka, ko korar ki aka yi?"

"Ba a kore ni ba, Mama."

"Da na ce. Da wannan fuskar taki kamar an aiko ki karɓar gawa."

Auta ta durƙusa gaban teburin. Hannunta ya kai ga wayar wutar, ya tsaya. Na'urar da ɗumi, kamar jikin mai barci.

"Me za ki taɓa?"

Ta zauna a ƙasa, ta yi bayani a hankali, yadda Mama za ta gane. Duk ƙiftawar fitilar nan, wani mai kanti ne ke neman magani. Ya kira inda ya kamata, ba a amsa ba, sai kiran ya zarce nan. Nan kuma a ce masa an ji, ana zuwa. Shi ke nan ya daina nema, ya zauna jira.

Allurar Mama ta tsaya.

"Kuma ba ya zuwa."

"Babu mai zuwa, Mama."

Mama ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Halin nasa dai. Sai abinci ya huce, sai na aika ki ki janyo shi da kunne." Ta dubi Auta. "Akwai marasa lafiya a ciki?"

"Akwai."

Mama ta daɗe tana kallon fitilar. A waje wani mai babur ya wuce, yara suka bi shi da ihu, unguwa ta sake yin tsit.

"Idan kin zare, su masu kiran me za su ji?"

"Ba za su ji komai ba. Na'urarsu za ta jira, ta gaji, ta ce musu ba a samu ba."

"A'a." Mama ta ajiye rigar. "Ba a yi wa mutane haka. Mutum ya zo ƙofarka ya yi ta sallama, ka bar shi tsaye? Ana iya canja abin da yake faɗa musu?"

Auta ta yi tunani. Ana iyawa, kuma ya ma fi. Amsar da ta zo da alamar gazawa nan take, laburaren zai miƙa ta ga mai kanti ba tare da ɓata lokaci ba, ya san odarsa ba ta shiga ba, ya sake turawa.

"Ana iyawa."

"To hau kujerarsa."

Tun rasuwar ba ta zauna a kujerar nan ba. Ta kunna allon, ta buɗe inda Yaya ya tsara amsar, ta mayar da alamar nasara ta koma ta gazawa. Sai ta zo kan kalmominsa. Ta goge su harafi bayan harafi, daga ƙarshe zuwa farko, tana jin kamar bakinsa take rufewa da tafin hannu.

"Me zan rubuta?"

Mama ta gyara mayafinta, ta miƙe zaune kamar mai shirin karɓar baƙi.

"Rubuta: Mai wannan na'ura ya rasu. Saƙonku bai isa ba. Ku sake aikawa, Allah ya ba marasa lafiyarku sauƙi."

"Mama, ya yi tsawo."

"Ke kike biyan tawadar? Rubuta."

Ta rubuta. Ba a jima ba buƙata ta shigo, daga wani kanti da ba ta san ko a wane gari yake ba, ana neman maganin tarin yara. Amsar ta fita. Wata ta biyo baya, ta maganin hawan jini, ita ma aka gaya mata. Haka suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, baƙin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, kowa ya tsaya a ƙofa a sanar da shi, ya juya.

Mama ta tashi da ƙyar, dafe da gwiwa, ta nufi tsakar gida. Auta ta miƙe za ta bi ta, ta kama hannun ƙofar.

"Bar ta a buɗe," in ji Mama. "Ke kuma zauna tukuna. Ba a barin masu gaisuwa su tarar da ɗaki ba kowa."