Ranar da Allura Ya Shaƙe Buldoza

Buldoza ya yi shekara kusan ashirin yana cin abinci da tsinuwar jama'a. Ɗan kokawar nishaɗi ne, wadda ake kira reslin, irin wadda ake yi a kan dandamali mai igiyoyi, kuma tun kafin a hau an riga an shirya wanda zai yi nasara. Shi kullum a mugu yake fitowa. Yakan shigo zauren wasa da jar riga mai jan ƙasa, yana harare-harare, ya fizge hular wani ɗan kallo ya tattake ta, tsofaffin mata su yi ta ja masa Allah ya isa, shi kuwa ransa fes. A gida kuma mutum ne da ko kyankyaso ya gani sai ya kira matarsa.

Matar tela ce. Ita ke ɗinka kayan 'yan wasan, kekenta na nan a falo kusa da talabijin, ƙyallaye masu walƙiya ko'ina har kan kujeru. Ƙaninta, autan gidansu, yana zaune tare da su a ɗakin baya. Shi ma faɗa ne sana'arsa, amma irin na cikin keji, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa da murɗe gaɓa, ba shiri, ba alfarma. Siriri ne dogo, shi ya sa ake ce masa Allura. Ba shi da yawan magana, sai fa in an zo kan aikin mijin yayarsa. Nan kam bakinsa ba linzami.

In Buldoza ya dawo yana ɗingishi, Allura zai tambaye shi cikin ladabi ko ɗingishin ma yana cikin abin da aka shirya. Buldoza kuma ya ce shi bai ga abin kallo ba a maza biyu da za su kwanta a ƙasa suna rungumar juna har a buga ƙararrawa. Wasa ne irin na miji da ƙanin mata, ba ya kai zuci, a yi dariya a ci gaba da cin shinkafa.

Wata rana da rana tsaka suna kan teburi, 'yar Buldoza da ke sakandare ta ajiye cokali ta ce, "Baba, in da gaske za a yi, kai da Kawu wa zai ci?"

Buldoza ya yi dariya ya buɗe hannuwa, wai ta dube shi ta dubi kawun nata, ai cinyarsa ɗaya ta fi yaron nauyi. Ya juya wajen matarsa don ta tabbatar. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai tana juya abinci a faranti, murmushi na neman ƙwace mata. Daga ƙarshe ta ce ita dai ta san komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Tsokanar Allura ba ta taɓa damunsa ba, amma wannan murmushi ya tsaya masa a wuya kamar ƙaya. Kafin a kwashe kwanuka ya riga ya ce a gwada. Allura ya so ya zille, ya ce da girma da arziki ba zai ɗaga wa Yaya hannu ba. Buldoza ya ce tsoro ne kawai ya sanya wa rigar ladabi. Matar ta ga ba za a ji bari ba, sai ta kafa sharuɗɗanta: ba naushi a fuska, ba mai ɗaukar hoto, kuma da ita za a je.

Ɗakin atisayen su Allura yana saman wani shagon sayar da taya, ana hawa ta wata matsattsiyar matakala da Buldoza sai da ya karkata kafaɗa ya wuce. Ciki warin zufa da man zafi, katifun roba shimfiɗe daga bango zuwa bango, kejin na can ƙurya. Kocin Allura, wani gajeren dattijo mai karyayyen hanci, shi ne alƙali. Ya yi wa Buldoza bayani cewa in ya ji abin ya fi ƙarfinsa ya bubbuga hannu a jikin abokin karawa, nan take za a sake shi. Buldoza ya ce ya ajiye wannan nasiha ga ɗalibinsa.

Aka rufe ƙofar keji. Abin da ya fara ba Buldoza mamaki shi ne shiru. Ba kiɗa, ba ihu, ba mai zagin sa. Sai fanka na juyawa. Ya buga ƙirji ya yi ruri kamar yadda ya saba, ya waiga neman 'yan kallo, ya ga matarsa kaɗai a kan benci da jaka a cinya. Kafin ya maido da kai Allura ya shure shi a cinya. Ba shuri mai ƙara ba ne irin nasu, wanda ake ji har bayan zaure amma ba zafi. Wannan ba ƙara, sai zafi, kamar an maka masa taɓarya.

Ya sha shuri na biyu, ya sha na uku. Sai dai ƙato ƙato ne. Ya daure ya kutsa, ya matse yaron a jikin wayar kejin, ya cafe shi ta kwankwaso da wuya, ya ɗaga shi sama kamar buhun auduga. Koci ya buɗe baki. Matar ta miƙe tsaye. A wannan lokaci da Buldoza ya maka shi da ƙasa iyakar ƙarfinsa, da magana ta ƙare.

Amma hannuwansa ba su san wannan aikin ba. Shekara da shekaru abin da suka koya shi ne su sauke mutum da rugugi ba tare da ya ji ciwo ba. Tun kafin ya yi tunani, hannunsa na dama ya tallafe ƙeyar Allura, ya juya shi yadda zai sauka a kan faɗin baya, har da raɗa masa a kunne cewa ya saki jiki. Ya ajiye shi kamar jariri.

Allura bai ɓata kyautar ba. Ya sulale ta ƙarƙashin hammata ya koma bayansa, ya naɗe masa ciki da ƙafafu, ya sa damtse a maƙogwaro. Buldoza ya miƙe da shi a baya kamar goyo, ya yi taku kaɗan, ya ga fankar ta zama biyu, bango yana matsowa. Ya laluba ya bubbuga hannun ƙanin matarsa. Aka sake shi, ya zauna daɓas yana tari.

Allura ya durƙusa kusa da shi yana ba da haƙuri. Koci ya miƙo ruwa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya samu abokin gaba a sama ya nema masa matashin kai ba. Matar ta yi iya ƙoƙarinta, amma a matakala dariya ta kuɓuce mata, har sai da ta dafa bango.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi sanyi. Allura ya daina tsokana gaba ɗaya, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Buldoza yakan zauna a baranda yana matsa cinyar da ta yi baƙi, yana tunanin ko dai gaskiyar yaron ce, duk rayuwarsa wasan yara ya yi. Gwiwoyinsa da ba sa lanƙwasuwa da safe, da haƙoran da ya bari a kan dandamali, shi ke nan duk ƙarya ne? Matar ta lura. Ba ta lallashe shi ba, ta dai ce masa ita da ta ga ya ɗaga ƙaninta sama, ba ta taɓa shakkar yadda zai sauke shi ba, miƙewar da ta yi ƙafarta ce ta yi sanyi. Ya san ƙarya take a kan ƙafar, amma ya ji daɗi.

Ana haka sai Manaja, mai shirya wasanninsu, ya faɗo gidan wata safiya gumi na tsiyaya. Damisa, jarumin da zai kara da Buldoza a babban wasan Asabar, ya taya maƙwabcinsa ɗaukar firji bayansa ya riƙe, ko juyi ba ya iyawa. An riga an manna hotuna a gari. Abin da ya rage musu kawai shi ne Damisa da rufaffiyar fuska yake wasa, ba wanda ya san kamanninsa. Manaja na cikin kuka da halinsa, matar ta ɗaga rigar Damisa da ke kan kekenta, ta dubi tsawonta, ta dubi ƙaninta da ke shan shayi a bakin ƙofa.

Allura ya ce sam. Ya ce shi ɗan faɗa ne, ba ɗan rawa ba.

"Auta," in ji ta, "kai ka ce wasa ne. Mutum ya ji tsoron wasa?"

Da yamma sai ga su a zauren wasan. Buldoza ya ce darasin farko shi ne faɗuwa: ka jefa kanka da baya, haɓa a ƙirji, hannuwa a buɗe. Allura ya taka dandamalin, ya ji ashe katako ne a kan ƙarfe, da 'yar shimfiɗa da ba ta kai kaurin bargo ba. Ya faɗi sau ɗaya, numfashinsa ya ɗauke, ya kwanta yana kallon rufi. Buldoza ya leƙo fuskarsa ya ce madalla, a sake. Igiyoyin kuma ashe wayar ƙarfe ce aka naɗe da roba, kafin a tashi bayansa ya yi layi-layi. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya kai naushi ya tsayar da shi dab da fata. Sau biyu yana mantawa, har leɓen Buldoza ya kumbura. Na biyu mai wuya kuma shi ne ya saki jiki a ɗaga shi, alhali duk abin da ya koya a duniya yana ce masa kada ya yarda.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. A bayan labule Allura ya ji ihun mutane. Shi da yake shiga keji ko gezau, sai ga shi yana tambaya ko akwai ƙofar baya. Buldoza ya gyara masa abin rufe fuskar ya ce, "Ka saurare ni kawai. Duk abin da za ka yi zan gaya maka a kunne. Kai dai kada ka shaƙe ni."

Wasan bai tafi yadda aka tsara ba. Da Buldoza ya yi ruri ya taso, Allura ya manta komai ya zura da gudu, suka zagaye dandamali, jama'a na ta kwasar dariya suna cewa yau Damisa ya zo da sabon salo. Buldoza ya ga abin ya karɓu, sai ya bi shi a haka, yana kai cafka yana cafko iska, yana faɗuwa da ciki. Ya kama shi a kusurwa yana yi kamar yana cizon kunnensa, alhali gaya masa yake ya hau igiya ta sama. Allura ya hau, ya duba ƙasa, ya ga nisa. Zaure gaba ɗaya ya ɗauki kiran sunan Damisa. Can ƙasa Buldoza na tangaɗi kamar wanda ya sha duka, amma idonsa na kansa, hannuwansa a shirye. Allura ya rufe ido ya saki kansa.

Ya sauka a kan ƙirji mai faɗi kamar ƙofa, suka zube tare, alƙalin wasan ya buga ƙasa sau uku, zaure ya kece da sowa. Wata tsohuwa a layin gaba ta jefi Buldoza da takalminta don ƙarin armashi. Yana kwance yana nishi na ƙarya da na gaske, ya ji yaron a kansa yana cewa a hankali, "Yaya, ka tare ni fa."

"To da wa zai tare ka? Tashi ka ɗaga hannu, kai ka ci."

Washegari Allura bai iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba. Ya kwanta rub da ciki a falo, yayarsa na shafa masa man zafi tana yi masa tsiya, Buldoza kuwa na kan kujera da ƙanƙara a gwiwa yana ba da labarin gudun, kowane zagaye yana ƙara masa gishiri. Allura ya ce har gobe in faɗa ne zai shaƙe shi, amma ko za a ba shi gari guda ba zai sake hawa igiyar nan ba. Buldoza ya ce duka biyun ya yarda. Da Manaja ya zo da rana yana roƙon a sake ko sau ɗaya, Allura ya lallaɓa ya shige banɗaki ya murɗa makulli, bai fito ba sai da ya ji tashin mota.

Bayan 'yan makonni koci ya aiko cewa yana neman mutum mai nauyi da ɗalibansa za su riƙa gwada ƙarfi da shi. Buldoza ya je don ganin ƙwaƙwaf, sai abin ya shiga ransa. Yanzu duk Talata yana can. Kusan kowa a ɗakin ya taɓa shaƙe shi, har da wata ma'aikaciyar jinya da ba ta kai masa kafaɗa ba, wadda in ta gama takan duba masa bugun jini kyauta. Ya ce a makon da ya wuce saura ƙiris ya kuɓuce mata. Ita kuma ta ce atishawa ce ta kama ta.