Makarar Masallacin Lungu

Malam Ilu yana zaure yana aikin wuyan wata babbar riga sai ya ji ihun matarsa Dije daga cikin gida. Bai yi gudu ba. Ya soke allura a jikin rigar, ya sa takalmi, ya shiga.

Ɗansu Mikail ne kwance a ƙofar ɗakinsa, ƙaton magidanci mai 'ya'ya biyu, yana wani irin minshari da hantsi tsaka. Leɓunansa sun yi toka-toka. Ga kwalaben maganin tari uku a gefen tabarma, duk an shanye. Uwar ta tallafo kansa tana ƙoƙarin ɗura masa manja.

Ihun ne ya kawo Lami, 'yar maƙwabcinsu mai aikin jinya, da jakarta a hannu.

"Inna, ajiye cokalin nan, shaƙe shi za ki yi."

Ta ɗaga fatar idonsa. Ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Tsakanin numfashi da numfashi kuwa, mutum ya karanta Fatiha ya shafa. Ta fasa wata 'yar kwalba, ta zuƙe, ta caka masa a cinya ta cikin wando, sannan ta juya shi ya kwanta ta gefe ɗaya.

"Nalokson sunanta, Baba. Tana karya ƙarfin kodin ɗin da ya sha."

Minti uku suna kallon ƙirjin. Can Mikail ya ja wani dogon numfashi, ya kelaya amai, ya buɗe ido.

"Wa ya ce ku taɓa ni?"

"Rufe mana baki, marar kunya," in ji uban. Ya juya ga Lami. "Allah ya yi miki albarka. Maganar nan kada ta wuce zaure."

"Sai ta wuce, Baba. Allurar nan ba lallai ta yi awa guda a jikinsa ba, abin da ya sha kuwa yana nan. In ta sake shi, komawa zai yi. Guda ɗaya ta rage mini. Asibiti za mu."

Shekara arba'in Malam Ilu yana sahun gaba a masallacin lungunsu na Madabo. Shi ke yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan shaye-shaye, da sunan ubanninsu.

Aka ce Mikail ya miƙe, ƙafafu suka ƙi. Lungun kuma ko A-daidaita-sahu ba ta shigarsa, sai an sha kwana sau huɗu kafin a kai titi. Abu ɗaya ne aka taɓa fitar da ƙato a kwance da shi daga nan.

Malam Ilu ya daɗe yana duban ɗansa. Ya fita da kansa ya ɗauko makara daga bayan masallaci, ya kira mutum uku, suka ɗora Mikail a kai, aka lulluɓe shi da mayafi.

Suna fitowa maza suka miƙe daga dakali. Tela ya bar keke, mai kanti ya ja ƙofa, kowa yana salati ya bi baya, ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne mace a gefen makara, hannunta ɗaya a wuyan mamacin, ɗaya riƙe da sirinji.

Alhaji Mamman, wanda Malam Ilu ya taɓa kunyatawa a kan shaye-shayen ɗan Alhajin a gaban jama'a, ya matso.

"Malam, ba mu ji sanarwa ba. Allah ya jiƙansa."

"Bai mutu ba," in ji Malam Ilu, da muryar da kowa zai ji. "Kodin ya sha. Mikail ne, nawa."

Alhaji Mamman ya dube shi, ya dubi makarar. Ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa.

"Ku ɗaga ƙafa," ya ce da na gaba.