Gadar Tungar Maje

Wayar ta yi ta rawa a aljihun Ɗalhatu yana tsaye a ƙofar benen da yake gadi a unguwar Bin Mahmud da ke Doha, rana ta take tsaka. Doka ta hana ɗaukar waya a bakin aiki. A kira na huɗu Moro, ɗan Zangon Kumasi da suke gadi tare, ya zungure shi.

"Yalla, shiga ɗakin nan ka ɗauka. Zan tare maka."

Ƙanwarsa Haulat ce a bidiyo, mayafinta ya zame, bayanta kogi ya cika ya batse.

"Yaya, maciji ya sari Baba a gona. Muna bakin ruwa. Mai kwalekwale ya ce ko uwarsa ce ba zai ƙetara da ita yau ba."

Asibitin da ke da allurar dafi yana ƙetare, tafiyar minti ashirin. Lokacin da akwai gada ke nan.

* * *

Tun zamanin En'e aka gina gadar Tungar Maje. Kakan su Ɗalhatu yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsunta a ka, da bulalar dogari a baya. Siririya ce, mota ɗaya take ci, in babbar mota ta hau sai katakonta ya yi ta kuka kamar tsohuwa mai ciwon baya. Amma shekara saba'in ba ta taɓa jefa kowa a ruwa ba.

Da Ɗalhatu ya zo Doha ya ga gadoji hawa kan hawa, sai kunyar tasu ta kama shi. Ya dinga ɗaukar hotunansu yana turawa zauren WhatsApp na 'yan garin, yana haɗawa da na tsohuwar, yana rubuta: "Har yaushe?" Shi ya tsara takardar koke, shi ya tattaro sa hannun 'yan ci-rani. Ɗan takara ya zo da makaɗa, ɗan kwangila ya biyo shi da katafila.

Mahaifinsa, Baba Dikko, ya ce masa a waya, "Ɗalhatu, kada ganin hadari ya sa ku yi wanka da kashi. Su gina sabuwar a gefe tukuna."

Dariya ya yi, ya ce, "Baba, duniya ta ci gaba."

Kwana tara aka yi ana rushe ta. 'Yan gwangwan suka kwashe ƙarafan. Aka kafa ginshiƙai uku da allo mai hoton ɗan takara, aka yi zaɓe, katafila ta tafi. Damina biyu ke nan, babu wanda ya waiwayo.

* * *

Ɗalhatu ya kira Abass direba, abokinsa na ƙuruciya da ke ƙetaren kogin, ya roƙe shi ya sayo allurar ya kawo bakin kogi. Abass bai yi wasa ba, kafin la'asar ya iso. Ta wayar Haulat, Ɗalhatu ya hango shi can ƙetare, ɗan mitsitsi, yana ɗaga farar leda sama, ruwa na dukan ginshiƙan nan uku a tsakaninsu.

"Ba ni Baba," in ji Ɗalhatu.

Fuskar tsohon ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Ɗalhatu ya so a ce zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

"Kai ka ci kuɗin?" Muryar da ƙyar take fita. "Koma bakin aikinka, kada su kore ka."

Bai koma ba. Yana riƙe da wayar har Haulat ta saki salati, hoton ya kife, ya koma yashi.

* * *

Bayan magariba ta sake kira, muryarta ta dishe.

"An yi masa sutura, Yaya. Liman ya ce ba a jinkirta gawa."

"A gefen Inna kuka sa shi?"



"Maƙabartar ma ai tana ƙetare. A gonarsa aka haƙa, sai da aka sare dawa kunya biyu."