Tantin Fourera da Saƙon Marseille

Tun watan Janairu Fourera take shirin tafiyar nan. Kwana shida ne kacal a bakin tekun Bretagne, can arewacin Faransa, ita da mijinta Hassoumi da ɗiyarsu Anissa. Ba gidan kowa za su sauka ba. A tanti za su kwana, a wani fili da ake kafa tantuna kusa da garin Saint-Malo. Abin da ta fi so a tafiyar ke nan, domin duk hutun da suka taɓa yi a shekara goma sha ɗaya na aurensu a gidan dangi ya ƙare, kuma ita ce a kicin. A Bronx ta yi wanke-wanke, a Columbus ta tuƙa tuwon mutum ashirin, ko zuwansu Maraɗi ba ta ga komai ba sai murhu.

Wata abokiyar aikinta a gidan kula da tsofaffi, wadda ta taɓa zuwa can, ita ta lissafa mata wuraren kallo. Fourera ta rubuta su a takarda ta manna a jikin firij. Litinin za su hau ganuwar Saint-Malo su zagaya garin suna kallon ruwa. Laraba sai Mont-Saint-Michel, dutsen da aka gina gari a kansa, teku ya zo ya kewaye shi ya koma. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cap Fréhel, da wasu manyan duwatsu ruwan hoda da Anissa ta gani a waya ta nace sai an je.

Abu guda ta roƙi Hassoumi, kada ya gaya wa kowa sai sun dawo. Ya ce to. Ranar Juma'a, saura kwana tara su tashi, ya gaya wa mutum ɗaya a ƙofar masallaci.

Kafin azahar ɗin Asabar ƙulli uku na saƙo sun shigo falonsu na Pleasant Garden, kusa da garin Greensboro. Takalma na wani a Paris, man shafawa na wata a Lyon, da waya sabuwa a kwali wadda mai ita ya ce shi ma bai san unguwar ba tukuna amma zai tambayo. Fourera tana bayan gida tana gwada kafa tantin a kan ciyawa, Anissa ta riƙe mata turaku. Hassoumi ya leƙo yana murmushi.

"Baban Anissa, mutum nawa ka gaya wa?"

"Wallahi ɗaya."

"Ɗayan nan lasifika ya haɗiye?"

"Haba Fourera, ba a ƙin saƙo. Kin manta wanda ya kawo mana yajin Inna bara? Wani ne ya ɗauko."

Ba ta manta ba, shi ya sa ta ƙara jin haushi. Ta buga turke da dutse har ya lanƙwashe.

Ana haka motar Hajiya Oumou ta tsaya a ƙofa. Hajiya Oumou ta fi shekara ashirin a Greensboro, ita ta tarbi Fourera a filin jirgi ranar da ta zo amarya, ita ta yi mata wankan jego. Ba a ce mata a'a. Ta zagayo bayan gida tana jan wata jaka mai taya, ta tsaya ta ƙare wa tantin kallo.

"Wannan fa? Kare kuka saya?"

"A ciki za mu kwana a can, Hajiya," in ji Hassoumi.

"La ila! Hassoumi, gwaggonka Tchima tana Rennes da gida mai ɗaki uku, ka kwantar da iyalinka a ƙasa kamar waɗanda ambaliya ta kora? To ni ba ruwana. Ga ɗan saƙon Chamsou, tunda Faransa za ku."

Chamsou autanta ne, yana Marseille. Fourera ta ɗaga jakar ta ji kamar an zuba bulo. Ta riga ta auna kayansu sau biyu, tanti da barguna da ɗan rishon gas sun cinye jaka guda.

"Hajiya, Marseille da nisa daga inda za mu," ta faɗa a hankali, idonta a ƙasa.

"Nisan me? Duk ba Faransa ba ce? Ƙasar da ba ta kai rabin Nijar ba."

Hassoumi ya riga ya fito da waya yana duba taswira. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. In suka sauka Paris su raba na Paris, su bi ta Lyon, su kwana Marseille wurin Chamsou, su dawo su gaida Gwaggo Tchima kwana biyu don kada ta ji a bakin wani. Ranar ƙarshe sai su leƙa tekun.

"Mu leƙa," in ji Fourera.

"Teku ai duk ɗaya ne, akwai shi a Marseille ma."

Anissa ta ce da Turanci ita duwatsunta take so, ba wanda ya kula ta.

Fourera ba mai magana ba ce a gaban manya. A suna ko biki tana can kusa da tukunya, in an gaishe ta ta amsa ta sunkuyar da kai. Amma ta dubi tantin da ta yi wata biyar tana zaɓe, ta ga kanta a kicin ɗin Rennes tana yanka albasa, sai ta ji maganar ta fito da kanta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Zan ɗauki jakar, amma ba za mu je Marseille ba. Ba za mu je gidan kowa ba. Muna Saint-Malo daga Lahadi zuwa Juma'a. Duk mai saƙo ya zo can ya karɓa."

Hassoumi ya juya ya dubi Hajiya. Fourera tana jiran faɗa. Hajiya Oumou ta sake duban tantin, sannan ta tafa hannu.

"Kai, ɗiyata, kin kawo shawara! Yaron nan shekara uku bai huta ba."

Nan take ta kira Chamsou, ta buɗe murya kowa yana ji. Chamsou ya yi ihu don murna. Ya ce yara suna hutun makaranta, zai zo da matarsa da yaransu huɗu, tanti kuwa zai ara wurin aiki. Ya ce ya daɗe yana marmarin dambun Fourera da mahaifiyarsa take ba shi labari. Kafin Fourera ta ce uffan, Hajiya ta kira Gwaggo Tchima. Gwaggo ta yi salati, ta ce ba za a ce ɗanta ya kwana a daji tana raye ba, amma tunda sun kafe, Rennes zuwa can awa ɗaya ce, za ta zo da tabarma da babbar tukunya ta zauna da su.

Hajiya ta sa wa Fourera albarka ta tafi, ta bar jakar a kan ciyawa.

"Kin gani?" in ji Hassoumi. "Kowa ya ji daɗi. Kuma ba mu je gidan kowa ba, yadda kika ce."

Fourera ta ƙirga a yatsu. Su uku, su Chamsou shida, Gwaggo, da duk wanda zai zo karɓar takalmi ya ga abinci ya zauna. Ta shiga kicin ta ɗauko babban ludayi da muciya, ta dawo ta ɗora masa a hannu.

"Wannan na mene ne?"

"Ka fara koyo yau, saura kwana takwas. Ni da Anissa bas ɗin safe za mu riƙa bi, sai magariba ku gan mu. Baƙinka ne, kai ka gayyato su a ƙofar masallaci."

"Fourera, ni dambu? Gwaggo za ta ce me?"

"Ta faɗi abin da take so, ina kan ganuwa ba zan ji ba."

Ta koma ta durƙusa, ta zare lanƙwasasshen turken ta miƙe shi da dutse. Hassoumi yana tsaye da muciya, sai ga wata mota ta sake tsayawa a ƙofa, aka ji ana buɗe but ɗinta don sauke kaya.