Rabin Littafin Baba Gideon

Laburarenmu ɗaki ɗaya ne a bayan ofishin ƙungiyar 'yan fansho ta layinmu a Barnawa, kuma ni Rebecca nake riƙe da mabuɗinsa yau shekara tara. Kafin nan tafireta na buga a ma'aikata har yatsuna suka karkace. Littattafanmu ba su kai dubu biyu ba, yawancinsu 'ya'ya ne suka kwaso daga ɗakin iyayensu bayan jana'iza, suka rasa inda za su kai. Amma akwai guda shida da nake sa wa ido kamar tukunyar miya a gidan haya. Su ne na Baba Gideon.

Baba Gideon ya yi shekara talatin a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar, matarsa Charity kuma ta rasu, sai ya zauna ya rubuta duk abin da ya sani a manyan littattafan rubutu masu baƙin bango: yadda suka sauko daga Filato a bayan babbar mota, sunayen mutanen da suka yi aiki a layinsa, wanda inji ya cinye wa hannu, da ranar da aka garƙame ƙofa suna tsaye da kwanon abincinsu. Gaba da baya ya rubuta, ko gefen takarda bai bari ba, don talaka ba ya wasa da takarda. Rufin ɗakinsa a Nasarawa yana yoyo, shi ya sa ya kawo mini su ajiya. Idonsa kuma ya tafi, ko rubutun nasa ba ya gani. Babu wani kwafi a ko'ina.

Ana nan sai wani ɗan unguwarmu da ke Turai ya aiko wa ƙungiya kwamfutoci goma. Abin nema ya samu. Ciyaman ɗinmu, Oga Sunday, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana shugabancin sashen rajista a ofishin gwamnati, ya tafi wani taron bita na kwana biyu, ya dawo da katin taro rataye a wuya da sababbin kalmomi a baki. Ya tara mu ya ce takarda ta mutu, duniya ta koma waya, laburaren da ba ya kan intanet sito ne kawai. Mai wannan jawabi, in aka turo masa saƙo, sai ya miƙa wa matarsa wayar ta buɗe masa. Duk da haka muka tafa. Aka yanke cewa za a ɗauki hoton kowane littafi a zuba a kwamfuta, a kwashe kantoci, a jera tebura, a yi bikin buɗewa nan da mako uku, tunda an riga an buga katin gayyata.

Ni da ƙafata na je Nasarawa neman izinin Baba Gideon. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

"Baba, za a sa littattafanka a intanet," na ce masa. "'Yarka Faith tana zaune a Fatakwal za ta karanta a wayarta, jikokinka ma haka."

"Za a taɓa su ne?"

"Za a yanke ɗinkin, don na'urar falle-falle take ja."

"'Yata, in an yanke, za su dawo?"

"Ba sai sun dawo ba, Baba. Abin da ya shiga kwamfuta ba ya ɓata, ruwa ba ya jiƙa shi, gara ba ta cin sa."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa, kamar ni ce na ƙera kwamfutar. Ya ce to, tunda ni na ce.

Wanda aka ba aikin Ikenna ne, mai shagon kwamfuta a Kakuri, mutum mai sanin aikinsa, ba ruwansa da surutu. Ya zo da sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, da wuƙar yankan takarda irin ta maɗaba'a. A ranar da ya fara, aka kira ni zuwa Gonin Gora, 'yata na naƙuda, sai na yi kwana goma a can. Abin da ya faru a bayana daga bakin Ikenna na ji shi, bayan aikin gama ya gama.

Oga Sunday ya sa an kawo masa tebur a bakin ƙofa, da rajista, da jan biro, da hatimi. Tsarinsa ba shi da wuya, shi ne tsarin da ya tsufa a kansa. Ya ƙirga falle nawa suka shiga na'ura, ya ƙirga hoto nawa suka fito. In lissafi ya yi daidai, ya buga hatimi, ya sa hannu, a ɗaure takardun a jefa a buhu. Ita kuwa na'urar Ikenna fuska ɗaya take ɗauka. Sai an juya tulin an sake ba ta, sannan ta ɗauki bayan. Da Ikenna ya miƙa hannu zai ɗauki tulin farko, sai Ciyaman ya dafe.

"Ina za ka kai?"

"Oga, ba a gama ba. I go turn am. Akwai baya."

"Falle ɗari da tamanin suka shiga?"

"Yes sir."

"Hoto ɗari da tamanin suka fito?"

"Yes sir, amma..."

"To me ya rage? Na sa hannu. Fayil ɗin da aka sa wa hannu ba ya komawa tebur. Ku 'yan kwangila na san ku, aiki ɗaya sai ku yi shi sau biyu don a ce kun wahala."

Kada a ce mutumin nan bai taɓa ganin littafi ba. Ya gani. Sai dai shekara talatin da biyar duk takardar da ta ratsa teburinsa fuska ɗaya gare ta, don a ofishin gwamnati ba a buga wasiƙa a baya. A wurinsa falle ɗaya shafi ɗaya ne, bayan takarda kuwa wurin goge bakin biro ne. Kuma bai taɓa karanta abin da ya sa wa hannu ba, ba a ranar zai fara ba.

Ikenna ya sake gwadawa washegari. Ciyaman ya ce in yana da ƙorafi ya rubuto wa kwamiti. Bawan Allah ya rubuto kuwa. Aka karɓi wasiƙar, aka buga mata hatimi, aka ba ta lamba, Ciyaman ya rubuta a samanta cewa a ajiye sai zaman kwamiti na gaba. Zaman kuma sai bayan biki. Shi ma Ikenna ba zan wanke shi tas ba, ya san lambata, bai kira ba. Ya ce ya ɗauka buhunan za su jira shi a sito.

Ba su jira ba. Wurin ake bukata don tebura, sai Ciyaman ya kira 'yan jari bola suka loda su a kura, aka yi gaba da su wurin masu yin kiret ɗin ƙwai.

Na dawo na tarar da ɗakin ya sha fenti, kwamfutoci goma a jere, kowace an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai ado irin na kan talabijin. Ciyaman ya miƙo mini takardar shaidar kammala aiki, wurin sa hannun mai kula da laburare ne kaɗai ya rage. Na ga hannu huɗu a sama da nawa, duk manya. Na sa. Ko kwamfuta ɗaya ban ɗaga wa ƙyalle ba. Ni ma ai a irin wannan ofishin na tashi.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka ɗauko janareta, aka ɗaura ribon. An yi jawabi bakwai. A cikin shida an ce mun shiga sahun ƙasashen da suka ci gaba, na bakwai kuma ya ce mun wuce wasu. Baba Gideon yana kujerar gaba cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, Faith tana kallo ta waya daga Fatakwal. Ciyaman ya sanar cewa yanzu za a nuna wa duniya tarihin masaƙa da majigi, kuma Madam Rebecca za ta karanta. Ya tambayi Baba wane wuri yake so.

"Littafi na biyu, wajen tsakiya," in ji Baba. "Ranar da na fara ganin Charity."

Ikenna ya nemo shafin, kansa a sunkuye. Rubutun Baba ya fito a bango, ƙato. Na karanta yadda aka tashi daga aikin safe, ruwa ya tsuge, ya fake a rumfar mai ƙosai a bakin ƙofar masaƙa, ya tarar da wata yarinya riƙe da takalminta a hannu. Layin ƙarshe ya ce: "Sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce mini". Shafin ya ƙare. Ikenna ya danna. Na ci gaba da murya mai daɗi: "inji na huɗu ya ƙi tashi, foman ya ce laifin bel ne."

Aka yi dariya. Wasu ma sun tafa, sun ɗauka barkwancin tsoho ne.

"An tsallake," in ji Baba. "Koma baya, 'yata."

Aka koma, aka dawo, aka gwada wani wuri. Yajin aiki ya fara a ƙasan wani shafi, a saman na gaba ana raɗa wa Faith suna. Na dubi Ikenna, ya ɗaga tafin hannunsa ya kifa shi, sai na gane.

Baba bai ɗaga murya ba. "To a ɗauko na takardar a karanta."

Janareta kaɗai ake ji.

Oga Sunday kuwa ko a jikinsa. Ya karɓi makirfo ya ce wannan 'yar matsalar na'ura ce, kowane sabon abu da irin nasa, kuma a taron bita an nuna musu wata fasaha mai suna AI wadda in ka ba ta rabin magana za ta cike maka sauran. Ya umarci Ikenna ya gwada nan take. Na'urar ta cike kuwa, ba ta ko yi tari ba. Ta ce yarinyar ta gaya wa Baba cewa shi ne tauraron zuciyarta, suka yi aure a Legas a bakin teku, suka haifi 'yan biyu. Baba Gideon bai taɓa wuce Lokoja ba. Ya laluba sandarsa ya miƙe, aka buɗa masa hanya, masu rabon shinkafa suka fara aikinsu.

Na bi sawun buhunan kwana biyu, daga Kakuri har Sabon Tasha. Ihu bayan hari. Wani ya nuna mini kwatami cike da dagwalon takarda kamar kunun da ya kwana, ya ce in zaɓa. A zaman kwamiti na gaba aka karanta wasiƙar Ikenna, aka gode masa da wannan hangen nesa, aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin, Oga Sunday ne shugabansa. Sauran littattafan ma duk rabi-rabi ne, amma har yau ba wanda ya zo ya yi ƙorafi, abin da ya nuna mini yawan masu karatunmu.

Kunya ta hana ni zuwa Nasarawa. Shi ne ya zo. Ranar Litinin da safe keke mai ƙafa uku ya sauke shi, yana rungume da sababbin littattafan rubutu a leda. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ce in tashi, ba shi da lokacin wannan.

"Ki karanta mini gaban, ni in faɗa miki bayan, ki rubuta. Ai ni na rubuta su."

Daɗi ya kama ni har na ji hawaye. Na yaye ƙyallen kwamfuta ɗaya, muka fara daga littafi na farko. Bayan shafin farko ya zubo shi kamar karatun Zabura. Na biyu ma haka, har da lambar motar da ta kawo su Kaduna. Muka yi kwana huɗu muna tafiya, wani wuri ya yi gudu, wani wuri ya yi ɗingishi. Ran na biyar muka iso inda ya jera mutanen layinsa, su arba'in da biyu, kowa da garinsu. Gaban shafin ya tsaya a na ashirin da ɗaya.

Ya kawo shida a jere. Ya tsaya. Ya kawo na bakwai, sannan ya ce a'a, wannan a sashen rini yake, in goge. Ya ce akwai wani dogo daga Binuwai mai waƙa in dare ya raba a wurin aiki, wanda ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa asibiti ranar da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa. Yana ganin fuskarsa, in ji shi, har wushiryarsa. Ya motsa baki, ya sake motsawa. Na riƙe biro ina jira.

"Shi ya sa na rubuta su," ya ce a hankali. "Na san ranar nan za ta zo."

Ya juyo da fuskarsa wurina.

"Nawa suka rage?"

"Goma sha biyar, Baba."

"Bar musu layi goma sha biyar. Kada ki matse su, ki bar wa kowa wurinsa."

Na ƙirga layi goma sha biyar, na sa lamba a gefen kowanne, na bar su fari. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce in karanta na gaba.