Kwalekwalen Lorna Bai Taɓa Ƙasa Ba

Kwana na shida ke nan suna yawo da kwalekwale daga tafki zuwa tafki a dajin arewacin Ontario, kuma yau za su fita. Lorna ta riga ɗanta Duncan tashi, ta dafa kofi, ta gasa gurasa a kasko da ragowar gari. Da suka ci, ta kwarara wa murhu ruwa har sai da ta cusa hannu cikin toka ta ji sanyi, sannan ta tara busassun itace a gefe saboda waɗanda za su sauka bayansu. Shekararta sittin da tara.

Duncan yana naɗe tanti ya ce, "Mama, jiya na ga yadda ƙafarki ta zame a kan dutse."

"Dutsen ne ke da santsi."

"Shekara arba'in yana da santsi, ba ki taɓa zamewa ba. Yau ni zan ɗauki kwalekwalen."

Akwai doka a gidansu, kuma Lorna ce ta kafa ta. Duk wanda ya kasa ɗaukar kwalekwalensa a kafaɗa daga wannan tafki zuwa wancan, shi kaɗai, ba tare da ya ajiye shi a ƙasa ba, to ya gama da daji. Da wannan doka ta zaunar da mijinta Alvin a gida lokacin da ƙirjinsa ya fara ciwo, har ya mutu bai yafe mata ba. Yanzu Duncan ya ɗauko dokar yana nuna mata da murmushi. Irin 'ya'yan nan ne da ke kiran tsoronsu ƙauna, su kwantar da tsoho tun da sauran ƙarfinsa.

Ta ce, "Ka faɗi abin da ke bakinka."

"In kika ajiye shi, ya koma garejina. Ke kuma baranda, da bargo, da shayi."

"In ban ajiye ba fa?"

"Sai in rufe bakina."

"Da an huta."

Hanyar ƙafa ta ƙarshe, wadda ke kaiwa tafkin da suka bar mota a bakinsa, ta kusa kilomita biyu. Lorna ta tsaya cikin ruwa, ta jawo kwalekwalen kan cinyoyinta, ta yi masa lilo sau uku, ta juya shi bisa kanta. Katakon tsakiya ya sauka a wuyanta. Kwalekwalen na katako ne da zane mai kauri, ya sha ruwa kwana shida, ya fi ranar farko nauyi.

Ta fara tafiya. A ƙarƙashin kwalekwale mutum ba ya ganin komai sai takalmansa da saiwoyin itace. Sauro suka shige ciki da ita, ba ta da hannun korarsu. Ta san a tsakiyar hanya akwai sanda da aka gicciya tsakanin bishiyoyi biyu, inda ake jingina gaban kwalekwale a miƙe baya. Wannan sanda take jiran ta kai ta ɗan numfasa.

Da ta isa, sandar tana kwance a ƙasa, ta ruɓe ta karye biyu.

Duncan yana bayanta. Ya sauke jakarsa da gangar abinci, ya matso. "Bari in riƙe miki gaban minti ɗaya. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Matsa."

"Mama, gwiwoyinki rawa suke yi!"

"Nawa ne. Ka taɓa shi, na karya maka yatsa."

Ta wuce. Hanyar ta gangara cikin taɓo, an shimfiɗa gumagumai biyu a kai. Ta taka su a hankali, kafaɗunta kamar an zuba garwashi. A ƙetaren taɓon ta ɗaga gaban kwalekwalen kaɗan, ta hango bishiya mai gwafa, ta cusa hancinsa a ciki. Bayansa ya yi ƙasa, ya kusa taɓa ciyawa. Ta ga haka, ta ƙi fita daga ƙarƙashi. Ta tsaya da rabin nauyin a wuyanta, tana haki.

Duncan ya durƙusa yana leƙen bayan kwalekwalen.

Ta ce, "Sa hannunka a ƙasa ka auna, alƙali."

Ya sa. Tafin hannunsa ya shige tsakanin kwalekwalen da ƙasa.

Sauran hanyar hawa ce. Da ta ga hasken ruwa a gaban takalmanta, ba ta tsaya a gaɓa ba, don irin wannan kwalekwale ba a ɗora shi kan dutse. Ta shiga tafkin har gwiwa, ta mirgino shi kan cinyoyinta, ta sake shi a kan ruwa. Ya yi ɗan lilo ya tsaya.

Hannayenta sun ƙi daina rawa. Ta ɗaga su ta nuna masa, ba ta ɓoye ba.

"Ka gani? Ranar tana zuwa. Ran da ya faɗi, ni zan kai maka shi gareji da kaina, kamar yadda na yi wa ubanka. Amma ba yau ba, kuma ba kai za ka zaɓa mini ranar ba."

Duncan ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya rufe.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ina jakarka? Ina gangar abinci?"

Ya waiwaya cikin daji. Suna can wajen karyayyiyar sanda, kilomita guda a baya.

"Koma ka ɗauko. Ka bi taɓon nan a hankali, akwai santsi. Baɗi kwana tara za mu yi."