Kwalabe Uku Ba Suna

Shekara talatin da ɗaya tsohon ya yi yana haɗa magani a asibiti, kuma abin da ya fito da shi daga aikin, ban da ciwon baya, shi ne goge duk kwalbar da ya gani da auduga da sifirit. Don haka da ya buɗe firij da safe ya tarar da ƙananan kwalabe uku a bayan madara, hannunsa bai nemi shawararsa ba. Sai da suka yi ƙyalli ya lura audugar ta koma shuɗiya.

"Baba! Ina rubutun?" in ji autarsa daga bakin ƙofa.

Firij ɗin ɗakin bincikensu na jami'a ne ya lalace, ta kawo su gida. Ƙarfe goma za ta kai su na'urar awo, layin da ta yi wata huɗu tana jira. In ta kai su ba suna, sai wani wata huɗun.

"Ai ruwa ne duka," in ji shi, yana ɗaga ɗaya.

"Ɗaya ce ruwa. Ɗaya maganin zazzaɓi ne da na naɗe a cikin ƙwayoyin mai. Ɗayar kuma ƙwayoyin ne kawai, fanko."

"Ƙwayoyi? Ina suke?"

"Ɗari biyar za su jeru a kaurin gashi ɗaya, Baba. Shi ya sa hanji ke ɗaukarsu da sauƙi."

Ya kamata kunya ta kama shi. Ta ɗan kama shi, amma son sani ya fi ta ƙarfi. A zamaninsa maganin kirki yana kwantawa a gindin kwalba, a rubuta masa a girgiza kafin a sha.

Auta ta ja labule, ta ciro ƙaramar fitila mai jan haske daga jakarta, ta haska. A kwalbar farko hasken ya wuce ba alama. A sauran biyun sai ga jan zare miƙe a cikin ruwan. Tsohon ya matso har hancinsa ya taɓa gilashi.

"Ikon Allah. Sake."

"Ba wasa na zo ba. Waccan ruwa ce. Waɗannan biyun fa? Haske ba ya leƙa cikin ƙwaya."

Ta zauna a kujerar kicin ta dafe kai. Shi kuwa yana juya kwalbar sifirit ɗin da ta jawo masifar.

"Kin ce rigar tasu mai ce?"

"Mai ce."

"To, sifirit na narkar da mai."

Ya ɗauko cokula biyu, ya ɗiga ɗigo ɗaya daga kowacce cikin kwalabe biyun, ya bi su da sifirit, ya jira. Ya lasa na farko. Shiru. Ya lasa na biyu, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Baba! Ba a gwada shi a kan mutum ba!"

"Yanzu an gwada. Ga maganinki nan. Ɗacin nan ko a kabari na san shi."

Ta dube shi, ta dubi agogo, ta lasa da kanta ta tofar.

"Ba ni fensir," in ji shi, yana yanko filastar da zai manna wa kwalaben ya rubuta suna. "Masu digiri uku, ku rasa abin rubutu sai tawadar da ke gogewa."

Tana saka takalmi ya biyo ta har ƙofa.

"Na'urar nan, ana barin tsofaffi su leƙa?"

"In za ka sa hannunka a aljihu."

Ya ɗauko hularsa.